Gyaran tankin kifi na akirilik: wanki, goge karce da liƙe haɗi

Yawancin tankunan kifi na akirilik da ake gani sun dushe a faluka da ofisoshi a nan Zariya, ba tsufa ya dusar da su ba, hannun mai wanki ne. Ana yi musu irin wankin gilashi: a fesa ruwan goge taga, a dirje da koren soso, a kankare gansakuka da reza. Gilashi yana jure wannan duka. Akirilik kuwa roba ne, shi ne fallen nan mai haske da masu yin allon talla suke kira Perspex, kuma tun 1933 da aka fito da shi kasuwa a Jamus da sunan Plexiglas halinsa bai canja ba: ga ƙarfi, ga rashin nauyi, ga saurin karcewa. Nauyinsa bai kai rabin na gilashi mai kaurinsa ba, haske wajen kashi 92 cikin 100 yana ratsa shi, yana kuma jure bugun da zai tarwatsa gilashi. Amma a ma'aunin tauri na Mohs wajen 3 yake, gilashin taga wajen 5.5, ƙwayar yashi kuwa 7. Ke nan duk ƙwayar yashin da ta shiga tsakanin tsumma da jikin tanki sai ta bar layi.

Wannan laushin kuma shi ne rufin asirinsa. Gilashi in ya karce, kusan sai dai haƙuri. Akirilik ana iya cinye karcen da samfefa a dawo da shi garau. Saboda haka ban yarda a yi saurin yar da tankin da ya dushe ba. Abin da nake so mai tanki ya riƙe shi ne, karcen da ke damun ido shi ne mafi sauƙi cikin matsalolin. Abin da ke malalar da lita 200 a tsakiyar falo cikin dare yana ɓoye ne a haɗi, wato wurin da aka liƙe falle da falle, inda ba a cika dubawa ba.

Duba kafin ka taɓa

Da farko ka tabbatar akirilik ne a gabanka. Leƙa gefen fallen: na gilashi kore-kore ne, na akirilik fari ne tas. Gilashi da sanyi yake a tafin hannu, akirilik ba haka ba. Kusurwar tankin gilashi tana da silikon mai laushi da farce ke nutsewa a ciki, ta akirilik kuwa falle biyu ne aka narkar suka zama ɗaya, ba abin da ke tsakani. Akwai kuma ƙananan tankuna masu arha da ake sayarwa da sunan akirilik alhali wata robar ce, folistairin, wadda aka zuba a mazubi. Ba su da haɗi ko kaɗan, in ka ƙwanƙwasa sai su yi ƙara siririya, suna yin rawaya, suna kuma tsagewa da wuri. Waɗannan a wanke su dai a yi amfani da su, ba su cancanci wahalar gyara ba.

Daga nan sai ka jira dare, ka kashe fitilar ɗaki, ka haska tocila daga gefe yadda hasken zai bi cikin fallen. Karce zai fito a matsayin farin layi a bisa fata, kuma farce yana jin sa. Akwai wani abu daban da ake rikita shi da karce: ƙananan tsage-tsage masu ƙyalli a cikin naman robar, birjik kamar na tsohon kwanon tangaran, ka shafa ka ji sumul amma ido yana ganin su. Wannan tsattsagewar ciki ce. Tana zuwa ne idan robar tana cikin matsi sannan wani sinadari ko zafi ya taɓa ta. Samfefa ba ta maganinta in ta yi zurfi. 'Yar kaɗan a tsakiyar bango ana iya zama da ita ana sa ido. Wadda ta taru a bakin haɗi ko a kusurwar tagogin da aka yanke a fallen saman tanki kuwa, gargaɗi ce.

Sai haɗin kansa. Lafiyayyen haɗi garau yake, kana hangen wancan gefen ta cikinsa. Inda ya yi fari, ko ya yi azurfa-azurfa yana mayar da hasken tocila, nan falle biyun sun fara rabuwa. 'Yan kumfa ƙanana a warwatse tun daga wurin ƙira suke, ba abin tsoro ba ne. Manna salatif na takarda a gefen farin wurin, ka ja layi daidai inda ya tsaya, ka rubuta kwanan wata. A kan salatif za ka rubuta, ba a jikin tanki ba, don tawadar maka tana da sinadarin da ke cin akirilik. In bayan mako ɗaya farin ya wuce layin, ko kuma tun farko ya ci rabin kaurin fallen, ni shawarata a kwashe kifi a zubar da ruwa a ranar.

Kifin sai a zuba su a babbar robar da ba ta taɓa ganin omo ba, da ruwansu na cikin tanki, a sa famfon iska, a rufe da raga don wasu suna tsalle, tarwaɗa ma ta fi kowa. Soson filta a bar shi jiƙe cikin ruwan nan, kada ya bushe, don ƙwayoyin da ke cinye gubar kashin kifi a jikinsa suke. A rage abinci sosai. Da yake wuta ba ta da tabbas, ƙaramin famfon iska mai batir yana da daraja a irin wannan mako.

Wanki

Abubuwan da ba sa kusantar akirilik: ruwan goge taga mai amoniya, sifirit, sanitaiza, tina, fetur, ruwan goge jan farce, maganin sauro na fesawa, turaren fesawa na ɗaki. Man goge ƙarfe na Brasso ma, da wasu ke yabawa wajen sa roba ƙyalli, yana da amoniya. Illar waɗannan ba lallai ta bayyana a take ba. Sinadarin yana ratsawa ta inda robar ke cikin matsi, sai bayan kwanaki tsattsagewar ta fito, mai tanki ya rasa daga ina. Wanda zai yi feshin sauro a falo ya lulluɓe tankin da zane ya kashe famfon iska tukuna, wannan ma don ran kifin ne kafin a zo maganar roba.

Bayan tanki, wato ta waje, ruwa zalla ya ishe shi, ko ɗigo biyu na sabulun ruwa a lita ɗaya, a kiyaye kada ya faɗa ciki. Tsumma ya zama mai laushi, maikurofaiba ko tsohuwar singiletin auduga wankakkiya, a kuma keɓe shi don wannan aiki kaɗai.

A nan ne hunturu ke yi mana ɓarna. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar da iska ke kwasowa daga Sahara tana sauka a kan komai, kuma akwai garin yashi a cikinta. Akirilik in an goga shi a bushe yana tara wutar da ke janyo ƙura, busasshiyar iska kuma tana ƙara wannan. Sai ka ga yaro ya zo da busasshen tsumma kowace safiya ya share, ƙurar ta dawo kafin azahar, ya sake sharewa. Cikin hunturu ɗaya fuskar tankin ta cika da zagaye-zagayen karce, in rana ta haska sai ka ga hazo. Ƙa'idar ita ce a fara jiƙa wurin sharkaf, a bar ruwa ya gangaro da ƙurar, a dangwale da jiƙaƙƙen tsumma ba tare da dannawa ba, a juya tsumman zuwa gefe mai tsabta, sannan a shafa. Wanda ke share falon a koya masa wannan, ko a ce ya bar tankin gaba ɗaya.

Cikin tanki kuma, gansakuka tana fita da tsohon katin ATM ko farin soson nan na melamin marar sabulu. Maganaɗisun goge tanki yana da daɗin aiki amma shi ne babban mai jan dogon karce: in aka sauke shi har ƙasa ya ɗauki ƙwayar yashi ɗaya, sai ta ja layi daga wannan kusurwa zuwa waccan. Tsayar da shi yatsu uku sama da yashi, ragowar ka bi da kati a hankali, daga sama zuwa ƙasa. Kada a bar shi a manne a jikin tanki inda yara za su riƙa wasa da shi. Wanda ke cika tanki da ruwan rijiya, musamman da damina, ya bar ruwan ya kwana a duro yashin ya kwanta, ya ɗebi na sama.

Farin layin da ke fitowa a bakin ruwa gishirin ruwa ne da ya bushe, yana kuma yawaita lokacin da ruwa ke saurin ƙafewa. Kada a kankare shi. A tankin da aka zubar wa ruwa, a haɗa farin ruwan khal na girki da ruwa rabi da rabi, a jiƙa tsumma a manna a wurin minti 15 zuwa 30, zai yi laushi ya fita da kansa. Garin sitirik asid, cokali biyu na cin abinci a lita ɗaya, shi ma yana yi, har ya fi cin jan tabon da wasu ruwan burtsatse ke bari. Khal ɗin kuwa na girki nake nufi, mai ƙarfin kashi 5 cikin 100. Tsantsar asid ɗin khal da ake sayarwa don ɗakin gwaji tana narkar da akirilik.

In cuta ta kashe kifi a tankin, ko an sayo shi na hannu, a wanke da bilic marar turare, irin su Jik ko Hypo, kashi ɗaya cikin ruwa kashi 19, minti 20. A ɗauraye sau uku ko huɗu, a sa maganin kashe kulorin a ɗauraya ta ƙarshe, a bar shi ya bushe a inuwa har warin ya tafi. Bilic da khal ba sa haɗuwa ko kusa, iskar da suke fitarwa guba ce. A yi ɗaya, a ɗauraye sosai, sannan ɗayan. Ruwan zafi kuma babu shi a wannan aiki.

Goge karce

Ja farce a kan karcen. In bai maƙale ba, man gogewa kaɗai zai iya, ko a fara daga samfefa mai lamba 1500 (ƙaramar lamba ta fi kaushi, babba ta fi laushi). In ya ɗan maƙale, a fara daga 800. In ya maƙale sosai, 400 ko 600. Ƙasa da 400 ba ta da wuri a nan sai in rami ne sosai, don ita kanta za ta bar zanen da za ka wuni kana bi.

Samfefar ruwa ake nema, baƙar nan da masu fentin mota ke amfani da ita, ana samunta wurin masu kayan fenti a Sabon Gari. Sayi jerin a cike: 400, 600, 800, 1000, 1500, 2000, da 2500 ko 3000 in akwai. Jan samfefar kafintoci ba ta yi. Mutane suna son tsallake lamba don rage kuɗi ko lokaci, daga 600 su faɗa 1500. Abin da ke faruwa shi ne 1500 ba ta da haƙoran cinye zanen 600, sai dai ta sa shi ƙyalli, a gama aiki a cika ruwa a ga layukan suna nan.

Jiƙa takardar minti 10. Naɗe ta a jikin ɗan katako mai lebur da aka sa wa siririyar roba, kada ka yi da yatsu, domin yatsu suna haƙa kwari. Da lambar farko ka goga a miƙe, kana gicciye karcen, kana fesa ruwa ba ƙaƙƙautawa, ba tare da danna ƙarfi ba. Farin ruwa zai riƙa gangarowa, robar ce ke fita. Ka tsaya lokaci-lokaci ka share ka haska tocila. Ba ka barin lambar farko sai karcen ya ɓace gaba ɗaya, don lambobin da ke biye aikinsu goge zanen samfefa ne kawai. Wurin zai yi fari fat, ba a ganin komai ta cikinsa. A nan ne gaban mutane ke faɗuwa, amma haka ya kamata ya kasance.

Kowace sabuwar lamba a juya hannu: in ta farko ta tafi sama da ƙasa, ta biyu ta tafi dama da hagu. Amfanin wannan shi ne kana gani da idonka lokacin da layukan baya suka ƙare. Muddin akwai layi ɗaya mai bin tsohuwar hanya, ba a ci gaba. Kowace lamba kuma ta faɗaɗa fili da kamar santimita biyu ko uku ta kowane gefe. Dalili: in ka haƙa wuri ɗaya ƙarami, karcen zai tafi amma wurin ya lotsa, in an cika ruwa sai kifi ya riƙa lanƙwashewa duk lokacin da ya gifta ta nan. Karce mai tsawon yatsa yana iya ƙarewa da filin da ya fi tafin hannu biyu. In karcen ya yi zurfi ƙwarai kuma yana gefe ko baya, gara a bar shi da a rage kaurin bango saboda kwalliya.

Tsakanin lamba da lamba a ɗauraye bangon, a ɗauraye hannu, a canja ruwan bokiti, a canja tsumma. Ƙwaya ɗaya ta 600 in ta bi ka zuwa 2000 ta mayar da kai baya. Saboda haka ma ba a yin wannan aiki a tsakar gida da hunturu. A shiga ɗaki, a rufe taga, a yayyafa wa daɓe ruwa.

Bayan 2000 ko 3000 bangon zai zama hazo-hazo mai santsi. Yanzu sai man gogewa. Wanda aka fi sani shi ne Novus, mai kwalba uku: lamba 3 don karce mai ɗan zurfi, lamba 2 don ƙanana da dawo da haske, lamba 1 don share ƙura da rage janyo ta. Sai an yi oda yawanci. In babu, man goge fitilar mota da aka rubuta cewa na roba ne yana yi a bayan tanki. Wanda ke da kakin zuma ko silikon ko warin fetur kada ya shiga cikin tanki. Farin man goge baki yana ɗan taimaka wa hazo marar zurfi a ƙaramin wuri, ba zai fi haka ba.

Da hannu ana yi, sai dai kafaɗa za ta gaya maka. Da injin huji da aka ɗaura wa fefen soso ko na auduga ya fi sauri, amma a mafi ƙarancin gudu, hannu yana tafiya kullum, ana taɓa wurin da bayan hannu. In ya wuce ɗumi a dakata. Akirilik yana fara laushi a wajen digiri 100, kuma gogayya tana kai fatarsa can cikin daƙiƙu. Girandar masu walda, mai juyi sama da 10,000 a minti, tana narkar da wurin nan take ta bar tabo mai kumfa. Haka masu bin gefen falle da harshen wuta don ya yi ƙyalli: a allon talla yana da kyau, a tanki kuwa yana cusa wa robar matsi, ranar da sinadarin liƙi ya taɓa wurin sai ya tsattsage.

Akwai wata samfefa mai laushin baya, Micro-Mesh, mai lambobi daga 1500 zuwa 12000, wadda ake iya goge cikin tanki da ita ruwa na ciki, kifi na ciki, ba tare da mai ba. Lambobinta ba ɗaya suke da na samfefar mota ba, 1500 ɗinta tana kusa da 400 a kaushi. Garin robar ba guba ba ne, audugar filta tana kama shi, a canja wani kaso na ruwan bayan an gama. Don karce ɗaya ko biyu wannan hanya ta yi. Bango guda kuwa a zubar da ruwa, a kwantar da tankin a kan bargo, a yi aiki a natse. Duk tankin da mai ya shiga cikinsa a ɗauraye shi sau da yawa, a bi kusurwoyi da buroshi mai laushi, don nan man ke maƙalewa.

Haɗi da tsaga

Silikon ba ya kama akirilik. Zai zauna ya yi kamar ya kama, bayan makonni ka ja shi ya taso a dunƙule. Sufa gulu tana sa wurin fari ta kuma ƙage, gam mai haɗi biyu na kanti shi ma ba abin dogaro ba ne a inda ruwa ke turawa. Mafi muni, duk wanda aka shafa sai an kankare shi tas kafin a yi gyaran gaskiya, silikon kuma yana barin maiƙon da ke hana liƙi kamawa.

Ana haɗa akirilik ne da sinadarin da ke narkar da fuskokin biyu su cakuɗe, in ya ƙafe su zama abu guda. Na kamfani da aka fi sani shi ne Weld-On: lamba 3 da 4 tsararo ne, suna bin siririn haɗi da kansu, lamba 16 mai kauri ne, lamba 40 kuma haɗi biyu ne da ke daskarewa ya zama akirilik, shi ya fi cike giɓi da ƙarfi. A nan gida masu allon talla da kulorofom suke yi, a sirinji, kuma yana kamawa. Duka biyun masu haɗari ne: shaƙarsu tana sa jiri tana taɓa hanta. A yi aiki inda iska ke ratsawa, da tabarau, nesa da murhu ko sigari, a kulle kwalbar inda yara ba sa kaiwa.

Lokacin aiki yana da muhimmanci a garin nan. Sinadarin da ke cikin tsararon liƙin, metilin kulorayid, yana tafasa a digiri 40, kulorofom a 61. Da azahar a watan Afrilu zafin Zariya yana kusantar na farkon, sai ya ƙafe tun bai narkar da komai ba, haɗin ya fito da kumfa, ba ƙarfi. Da bazara a yi da sassafe. Da damina kuma matsalar laima ce: sinadarin yana sanyaya wurin yayin ƙafewa, raɓa ta sauka, haɗin ya yi fari. A zaɓi ranar da gari ya washe.

Tankin ma sai ya bushe. Akirilik yana shan ruwa, har kusan kashi 2 cikin 100 na nauyinsa in ya daɗe a jiƙe. A wanke haɗin, a cire gansakuka da gishiri, a bar shi a inuwa kamar mako guda. Kada a shanya a rana don sauri. Robar tana miƙewa da zafi kusan ninki takwas na gilashi: bango mai santimita 120 yana ƙaruwa da wajen milimita 1.7 in zafi ya hau da digiri 20, kuma gefen da rana ke duka ba ya tafiya daidai da na inuwa.

In rabuwar siririya ce kuma mai tsabta, a kwantar da tankin yadda haɗin zai zama a ƙasa, a bi shi da tsararon liƙi ta bakin allura, za ka ga farin yana ɓacewa inda ruwan ya shiga. A jira kamar rabin minti, a matse da nauyi daidai wa daida. Matsi mai yawa yana fitar da narkakkiyar robar ya bar haɗin a bushe. Amma tsohon haɗin da datti ya shiga ba ya komawa ƙarfinsa na da, don haka ban taɓa ganin hikimar tsayawa a nan ba. A ƙara masa sanda: a yanko sandar akirilik mai kusurwa huɗu, milimita 10 zuwa 12, a goge gefenta ya yi lebur, a kwantar da ita a cikin kusurwar daga ciki, tsawon haɗin gaba ɗaya, a liƙe ta da bangon biyu. Ba ta da kyan gani sosai, amma yashi yana rufe ta ƙasa, ta tsaye kuma ido yana sabawa.

Ɗigon da ya faɗa a fuskar tanki kada a share shi. Sharewa tana damalmala wurin. A bar shi ya ƙafe, bayan kwana biyu a bi da samfefa. Salatif ma kada a manna dab da haɗi, tsararon yana bin ƙarƙashinsa ya ɓata fili mai faɗi.

Tsaga kuma tafiya take yi, sai an tare ta. Nemo ainihin ƙarshenta da tocila, yakan wuce inda ido ya fara tsammani, ka huda rami na milimita 3 a daidai nan. Ramin yana raba matsin da ya taru a tsinin tsagar. Sabon bakin huji na ƙarfe yana cafkar roba ya fasa ta, don haka a ɗan dakushe kaifinsa a dutse, a tara katako a baya, a tafi a hankali ana ɗiga ruwa. In wurin ya bushe a ɗura tsararo cikin tsagar, a cike ramin da mai kauri, sannan a yi faci daga ciki da falle mai kaurin bangon, wanda ya wuce tsagar da santimita 4 ko 5 ta kowane gefe. Daga ciki, don ruwa ya riƙa danna facin a kan bango maimakon ya ture shi. Wajen sayen falle a nemi wanda aka zuba a mazubi, ba wanda inji ya matso ba. Na biyun ya fi arha amma ya fi saurin tsattsagewa in liƙi ya taɓa shi. Wasu suna narkar da ɓarɓashin akirilik cikin kulorofom a kwalbar gilashi su sami mai kauri. Yana yi, sai dai yana tsukewa in ya bushe, don haka a shafa siriri-siriri, a bar kowane shafi ya bushe.

Liƙin yana kamawa cikin mintuna, amma ƙarfinsa a hankali yake zuwa. Kwana biyu kafin a motsa tankin, mako guda kafin ya ga ruwa. Tsagar da ta ratsa ƙasan tanki daga gefe zuwa gefe, ko haɗin da ya tsattsage tsawonsa duka, ba na faci ba ne, sai canjin falle, ko a mayar da tankin na ruwa kaɗan. Ko manyan ma'aikata haɗi suke tsoro. Katafaren tankin AquaDom na birnin Balin a Jamus, wanda da akirilik aka gina shi, ya fashe a Disamban 2022 da ruwa kusan lita miliyan ɗaya da kifi wajen 1,500, kuma haɗin fallayen yana cikin abubuwan da masu bincike suka zarga.

Gyara ba zai daɗe ba in ba a kawar da abin da ya jawo ɓarnar ba, kuma sau da yawa mazauni ne. Tankin gilashi mai firam yana iya zama a kan gefunansa, na akirilik kuwa dole ƙasansa duka ya sami abin dogara. Teburin ƙarfen da aka yi wa firam kawai aka bar tsakiya fayau yana sa ƙasan ya lotsa, haɗin ƙasa ya buɗe. A shimfiɗa filawud na milimita 18, a ɗora farar kumfar nan ta cikin kwalin firji, mai lebur, kamar santimita ɗaya, a auna da ma'aunin magina ta tsawo da ta faɗi. Tanki mai santimita 120 da 45 da 45 yana cin lita 243, kilo 243 ke nan kafin a sa yashi da duwatsu. Ɗaurin sama, wato fallen da aka yanke wa tagogi, shi ke hana bango buɗewa, kada a yanke shi don a sami wurin sa hannu. Fitila mai zafi kada ta zauna a kansa kai tsaye, a ɗaga ta ko a koma LED. Kauri kuma tsayin ruwa ke yanke shi, ba yawan lita ba. Abin da maƙera tanki suka saba bi, in akwai ɗaurin sama, shi ne milimita 6 ga tsayin santimita 30, milimita 10 ga 45, milimita 12 ga 60. Wanda aka yi da falle ƙasa da haka zai riƙa kumbura ciki, kuma maganinsa rage tsayin ruwa.

Gwaji a waje ake yi, a inuwa, a kan daɓe mai lebur, da jarida a shimfiɗe a ƙarƙashi don ɗigo ɗaya ma ya nuna. A cika sulusi a bar shi awa shida, a kai sulusi biyu a bar shi ya kwana, sannan a cika. Auna faɗin tankin a tsakiyar bango da tef lokacin da ya cika, ka sake aunawa kowace safiya har kwana uku, kana bin haɗin da tocila da dare. 'Yar kumbura da ta tsaya wuri ɗaya halin akirilik ce. In awon yana ƙaruwa kullum, ko wani sabon fari ya fito a haɗi, a zubar da ruwan a koma kan gyara. In komai ya tsaya, a zubar da ruwan gwajin, a ɗauraye, a kai tankin mazauninsa babu komai a ciki, mutum biyu suna tallafe da ƙasansa, ba a riƙe shi ta ɗaurin sama ba. A mayar da tsohon soson filta da ruwan da kifin ke ciki, a ƙara sabon ruwan da ya kwana, in na famfo ne a sa masa maganin kulorin, sannan a mayar da kifin kaɗan-kaɗan cikin kwana biyu ko uku.